Muhawara: Shin "surname" sunan mahaifi ne ko sunan zuri'a?

Malam Habu: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani al'amari da na ɗauka ƙarami ne, sai ga shi ya tsaya mini a rai. 'Yata za ta yi rajistar jarrabawar kammala sakandare, kuma fom ɗin da aka ba ta yana da gurabe uku: surname, first name da middle name. Sunanta na yanka A'isha, ni sunana Abubakar, mahaifina kuma Usman. A takardar firamare an rubuta mata A'isha Abubakar, amma a takardar haihuwa ma'aikacin da ya cike ya duba katina, ya ga Usman a gurbin surname, sai ya rubuta mata A'isha Usman. Da na yi masa magana a lokacin, ya ce haka tsarin yake. Yanzu ina da takardu biyu da sunaye biyu na yarinya ɗaya. Wane ne ya yi daidai, ni ko shi?

Malama Talatu: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Na shekara goma sha biyu ina koyar da Turanci, kuma kusan kowace shekara sai wannan magana ta taso lokacin rajista. Tushen ruɗanin shi ne tun muna firamare aka gaya mana cewa surname na nufin sunan mahaifi, alhali wannan fassara ba ta cika ba. A wurin Baturen Ingila, surname suna ne na gida gaba ɗaya wanda ake gado ba tare da ya sauya ba. Idan kaka Smith ne, ɗansa Smith ne, jikansa ma Smith ne, kuma sunan yankan uban ba ya shigowa cikin lissafin ko kaɗan. Surname da family name da last name duk abu ɗaya suke nufi. A ɗaya ɓangaren kuma first name da given name da forename su ne sunan da aka raɗa wa mutum shi kaɗai, wato sunan yanka. A tsofaffin takardu za ka ga Christian name, saboda a coci ake ba jariri suna lokacin baftisma, amma hukumomi sun daina amfani da kalmar don ba kowa ne Kirista ba. Middle name kuma suna ne na ƙari da ke zama tsakanin biyun, kuma mutum yana iya rayuwa ba shi da shi. Saboda haka ma'aikacin ya bi ƙa'idar Turawa, kai kuma ka bi ƙa'idarmu.

Alhaji Mamman: Malama ta yi bayani mai kyau. Ni da na yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar, ina so yaran yanzu su sani cewa ko sunan mahaifin ma ba shi ne abin da iyayenmu suka fara sakawa a wannan gurbi ba. Da aka tara yara daga garuruwa daban-daban a makarantun kwana, sai a sami Muhammadu da yawa da Abubakar da yawa a aji ɗaya, don haka aka riƙa bambanta su da sunan garinsu. Ku dubi Malam Aminu Kano, da Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Isa Kaita, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kano da Shagari da Kaita da Tafawa Ɓalewa duk garuruwa ne. Shi kansa Sardauna, da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta, domin a Raba aka haife shi, daga baya ya ɗauki Bello, sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya fito daga tsatsonsa. Wannan ya nuna cewa gurbin ne aka kawo mana, mu kuma muka cike shi da abin da muke da shi a hannu.

Dakta Binta: Baba Alhaji, abin da ka faɗa ya yi daidai da tarihin Turawan kansu, domin su ma ba da wannan tsari aka halicce su ba. Kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, yawancin mutanen ƙasar suna ɗaya suke da shi, sai laƙabin da ke mutuwa tare da mai shi. Masu filaye da sarauta ne suka fara gadar da suna, saboda gado da haraji suna buƙatar a san wane ne ɗan wane, sannu a hankali abin ya sauko ga talakawa, har zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun sami sunan da ake gada.

Idan aka duba ma'anar waɗannan sunaye, Bahaushe zai ga kansa a ciki. Smith maƙeri ne, kuma har gobe shi ne sunan gida mafi yawa a Ingila da Amurka. Taylor tela ne, Baker mai gasa burodi, Clark magatakarda. Wasu daga wurin zama suka samo nasu, kamar Hill da Wood, wato na kan tudu da na bakin daji. Wasu daga siffar jiki, kamar Long da Short, wato Dogo da Gajere. Amma waɗanda suka fi shafar tambayar Malam Habu su ne irin su Johnson da Williamson da Richardson. Johnson na nufin ɗan John. Akwai lokacin da mai wannan suna ɗan wani John ne da gaske, kamar yadda A'isha take 'yar Abubakar da gaske. Abin da ya faru shi ne sunan ya daskare a kan wani kaka guda, jikoki da tattaɓa-kunne suka ci gaba da amsa shi ko da ubansu Peter ne. Haka Mac na mutanen Sikotilan yake nufin ɗa, haka Fitz da ya zo daga Faransancin Normandawa. Mutanen yankin Wales sun daɗe fiye da Ingilishi suna kiran mutum da sunan ubansa, suna saka "ap" a tsakani, kuma daga nan ne ap Rhys ya zama Price, ap Hywel ya zama Powell. A Ayislan kuwa har yau yawancin mutane ba su da sunan zuri'a: ɗan Jón ana ce masa Jónsson, 'yarsa kuma Jónsdóttir, sunan yana sauyawa daga uba zuwa ɗa, kuma suna da fasfo, suna yawo a duniya. Ke nan tsarinmu ba kuskure ba ne da ke jiran gyara.

Malam Sabi'u: Na ji daɗin wannan jimla ta ƙarshe, Dakta, domin abin da nake gani a wurin matasanmu shi ne suna ɗaukar cewa duk abin da fom ya nema shi ne wayewa. Allah Maɗaukaki ya yi umarni a Suratul Ahzab, aya ta 5, cewa a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, domin shi ne mafi adalci a wurinsa. Larabawa sun rarrabe sassan suna tun kafin Turawa: akwai ismu, akwai nasaba da ake jerawa da "bin" da "bint", akwai alkunya irin ta Abu wane, akwai laƙabi, akwai kuma jinginawa ga gari ko ƙabila, kamar yadda Buhari yake nufin mutumin Buhara. Mu ma muna da sunan yanka da sunan rana da laƙabi da alkunya da inkiya. A ganina Malam Habu ya rubuta Abubakar a gurbin surname, ya je a gyara takardar haihuwa. Yarinya 'yarsa ce, ba 'yar mahaifinsa ba.

Alhaji Mamman: Malam Sabi'u, ina girmama iliminka, amma ina ganin ka ƙuntata abin da yake da faɗi. Ayar tana hana a jingina yaro ga wanda bai haife shi ba, kamar yadda ake yi wa ɗan riƙo a jahiliyya. Kaka kuwa uba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira kansa ɗan Abdul Muɗɗalib a ranar Hunaini, alhali Abdul Muɗɗalib kakansa ne. Imamu Ahmad bin Hanbal ma sunan mahaifinsa Muhammad, Hanbal kakansa ne, kuma duniya ta san shi da haka. Saboda haka A'isha Usman ba ƙarya ba ce a shari'a.

Malam Sabi'u: Wannan gaskiya ne, Alhaji, na karɓi gyara. Ban ce haramun ne ba, kuma bai kamata maganata ta yi kama da haka ba. Abin da nake tsoro shi ne abin da kunnen Bahaushe zai ji. Duk wanda ya ji A'isha Usman a garinmu zai ɗauka Usman ne ya haife ta, har ma wani ya zaci ƙanwar Malam Habu ce.

Lawal: Iyayena da malamaina, ku ba ni dama in faɗi abin da nake gani a shagon da nake cike wa mutane fom ta intanet. Kwamfuta ba ta san wane ne uba ko kaka ba, abin da ta sani kawai shi ne ko haruffan wannan takarda sun yi daidai da na waccan. Yanzu da lambar ɗan ƙasa da lambar banki da rajistar jarrabawa duk suke duba juna, bambancin harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum wata da watanni. Na ga wanda yake Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muhammed a ta uku. Na ga da yawa waɗanda suka juya gurabe, suka sa sunan yanka a wurin surname, don kawai sun saba fara faɗin sunansu, alhali fom ɗin da surname ya fara.

Akwai ƙa'idar waƙafi da mutane ba su lura da ita. Idan Bature ya rubuta Smith, John da waƙafi a tsakani, yana nufin ya juya jerin ne, sunan gida ya zo farko. Idan babu waƙafi, John Smith ne. A wurinsu ko waƙafin ya faɗi ba a ruɗewa sosai, domin kowa ya san Smith ba sunan yanka ba ne. Mu kuwa idan waƙafi ya ɓace daga Ibrahim, Musa, babu mai iya sanin wane ne ɗa, wane ne uba, tunda duka biyun sunayen yanka ne. A fasfo ma haka abin yake. Layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa, kowanne gurbi 44 ne, kuma a layin farko, bayan alamar fasfo da ta ƙasa, surname ke fara zuwa, sai alamomi biyu masu kama da kan kibiya, sannan sauran sunaye. A wannan layi ba a saka ɗaurin da ke cikin Sa'adu ko A'isha, ana haɗe haruffan ne kawai.

Wata matsalar kuma ita ce sunayenmu masu tafiya biyu-biyu. Abubakar Sadiƙ suna ɗaya ne na mutum ɗaya, haka Umar Faruk, da Ahmad Tijjani, da Muhammad Sani, da Fatima Zahra. Sau da yawa yaro yakan sa rabin sunansa a first name, rabin a surname, sunan uban ya fita gaba ɗaya.

Malama Talatu: Lawal ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma muna da babban misali. Tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari sunan mahaifinsa Adamu. Muhammadu Buhari gaba ɗaya sunansa ne na yanka, na malamin hadisin nan da Malam Sabi'u ya ambata. Amma jaridun duniya sun ɗauki Buhari a matsayin surname, iyalinsa ma suka amsa shi, ga shi ya zama sunan gida a idonmu cikin rayuwar mutum ɗaya.

Malam Isufu: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a nan da Faransanci muke fama, kuma ina so in ja hankalin masu tsallaka iyaka kan wani tarko. Gurabenmu su ne nom da prénom. Nom shi ne surname na Ingilishi, prénom shi ne sunan yanka. Amma akwai kalmar surnom a Faransanci, wadda daga gare ta ne kalmar surname ta samo asali, sai dai a Faransancin yau laƙabi take nufi. Ɗan Nijar da ya ga surname a fom na Ingilishi yana iya zaton laƙabinsa ake tambaya, ya rubuta Dogo ko Ɗan Baba. A takardun hukuma kuma an saba fara rubuta nom, galibi da manyan baƙaƙe, shi ya sa za ku ga an rubuta Tandja Mamadou a wani wuri, Mamadou Tandja a wani, haka Diori Hamani da Hamani Diori. Ga kuma bambancin rubutu: wanda yake Usman a Katsina shi ne Ousmane a Maraɗi, Yusuf kuma Issoufou, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Dakta Binta: Wannan juyin jeri shi ya sa hukumomi da yawa suka fi son given name da family name a kan first da last, domin "na farko" da "na ƙarshe" ba su da ma'ana a ƙasashen da sunan gida ke fara zuwa. A sunan Xi Jinping na Sin, Xi ne sunan gida, haka Ban a sunan Ban Ki-moon. Japan ma daga 2020 ta koma fara rubuta sunan gida a takardun gwamnati da ake rubutawa da haruffan boko.

Ina so in ƙara magana kan yadda ake haɗa suna da kalmar girmamawa, don ni abin ya taɓa ba ni wahala lokacin da nake karatu a Ingila. Mu muna cewa Malam Habu, Hajiya Rabi, Alhaji Mamman, wato girmamawa tana hawa kan sunan yanka. Su kuwa Mr da Mrs da Dr kan surname suke hawa, don haka John Smith shi ne Mr Smith, kuma Mr John kuskure ne a kunnensu. Ranar farko da aka kira ni a wani asibiti da sunan mahaifina, ban ɗaga kai ba, sai da aka maimaita sau uku, domin a rayuwata ba a taɓa kirana da sunansa tsurarsa ba, kuma na ji nauyin abin ƙwarai, tunda a gidanmu ko mahaifiyata ba ta furta wannan suna. Sir kuwa ya saɓa, shi kan sunan yanka yake hawa. Shi ya sa ake cewa Sir Ahmadu ko Sir Abubakar, ba a cewa Sir Bello.

Hajiya Rabi: Ina bin muhawarar tun farko, kuma akwai ɓangaren da ya shafe mu mata wanda ba a taɓo ba. Da na yi aure, wata ma'aikaciya ta matsa mini cewa dole in sauya surname zuwa sunan maigidana, ta ce haka matan aure ke yi. Na ƙi, amma har yau ban san ko ina da hujja a tsarin nasu ba. Kuma mene ne maiden name da ake tambaya a fom na banki?

Malama Talatu: Hajiya, kina da hujja. Ko a Ingila, ɗaukar sunan miji al'ada ce, doka ba ta tilasta ba. Maiden name shi ne surname ɗin da mace take da shi kafin aure, kuma a rubuce sukan nuna shi da kalmar née ta Faransanci, wadda ke nufin "an haife ta da suna kaza". Margaret Thatcher, alal misali, Roberts ce a gidan ubanta, Thatcher sunan gidan mijinta ne. A da abin ya kai har ana kiran mace da cikakken sunan mijinta, a ce Mrs John Smith, nata sunan ya ɓace ɗungum. Miss ta budurwa ce, Mrs ta matar aure, Ms kuma ta yaɗu ne a shekarun 1970 don mace ta sami kalmar da ba ta bayyana ko tana da aure, kamar yadda Mr ba ya bayyana na namiji. Banki yana tambayar maiden name na mahaifiya ne a matsayin sirri, bisa zaton cewa sunan ya ɓuya tun da ta yi aure. A wurinmu bai ɓuya ba, duk unguwa ta san 'yar wane ce. Ni ban sauya nawa ba, kuma ina ba ɗalibaina mata shawara kada su sauya, ko don takardun karatunsu su zauna da suna ɗaya.

Malam Sabi'u: A nan babu saɓani tsakanina da kowa. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo, amma har yau 'yar Shehu ake ce mata.

Malam Habu: Na gode ƙwarai, na ƙaru da abin da ban zata ba. To ga abin da ya zo mini: idan na rubuta A'isha a first name, Abubakar a middle name, Usman a surname, ai sunan zai karantu A'isha Abubakar Usman, wato ita, ubanta, kakanta. Takardun biyu duk sun sami wurin zama a ciki.

Lawal: Haka mutane da yawa suke yi, Malam, kuma jerin yana da kyau. Amma ka sani cewa middle name shi ne abin da ake fara yarwa. A tikitin jirgi, a jerin sunayen aji, a katin aiki, sau da yawa ana mayar da shi harafi ɗaya ko a cire shi, sai ka ga A'isha A. Usman, ko A'isha Usman kawai. Ga Bature wannan ba asara ba ce, har akwai shugaban Amurka Harry S. Truman wanda S ɗinsa ba ta tsaya a madadin wani suna guda ba. Amma a wurinka, sunanka ne zai zama wannan harafin. Idan kuma ka juya, ka sa Usman a tsakiya, Abubakar a surname, to sunanka zai tsira a ko'ina, sai dai cikakken sunan zai karantu A'isha Usman Abubakar, wanda Bahaushe zai fahimta a matsayin 'yar Usman jikar Abubakar.

Alhaji Mamman: Ni na zaɓi na farkon wa 'ya'yana tun shekaru da yawa, kuma ban yi nadama ba, domin duk su tara suna da surname ɗaya da ni, wanda ya sauƙaƙa mana neman biza lokacin da muka yi tafiya tare. Amma ban ɓoye muku ba, jikokina yanzu sun kasu biyu: wasu iyayensu sun riƙe sunan mahaifina, wasu sun sa nawa.

Malam Sabi'u: Ni kuwa har yanzu na fi natsuwa da A'isha Abubakar, a bar gurbin tsakiya babu komai, tunda Malama ta ce ba dole ba ne.

Malam Habu: Lawal, gobe in Allah ya kai mu zan kawo maka katinta na ɗan ƙasa mu ga abin da ke kansa kafin a cike komai, tunda ka ce da shi sauran za su yi daidai, sannan in je kotu a yi takardar rantsuwa a kan wadda ta saɓa. Game da zaɓin kuwa, zuciyata ta fi karkata ga A'isha Abubakar Usman, ita da ƙannenta uku gaba ɗaya. Sai dai mahaifina yana raye a ƙauye, kuma sunansa ne za a ɗora wa jikoki da waɗanda za su biyo bayansu, don haka ranar Juma'a zan je in gaya masa, in ji abin da zai ce.